Rigar WordPress ɗinkin Katsina: inda ɗinki ya zauna da inda zare ya saki

A ɓangaren Ƙofar Ƙaura da ke birnin Katsina akwai wani ƙaramin shago da wasu samari ke sana'ar ɗinka wa shafukan WordPress riga, wato shafukan intanet da aka gina da manhajar WordPress. Rigar shafi ita ce abin da ido ke gani: launi, siffar haruffa, yadda labarai ke jeruwa, inda hoto ke zama da inda talla ke shiga. Rubuce-rubucen kansu suna can cikin rumbun bayanai, aikin riga kawai ta fito da su. Masu kai wa shagon aiki galibi masu jaridun intanet na Hausa ne, da makarantun Islamiyya masu son ɗora karatun malamai, sai 'yan kasuwar shadda da turare. Bitar nan ta ginu ne a kan shafukan da suka riga suka miƙa, da fayilolin rigunan, da yadda suke buɗewa a ƙaramar waya. Ɗinkin ya zauna, musamman wajen rubutun Hausa. Inda gyara yake shi ne ranar miƙa aiki da abin da ke biyo bayanta.

Abin yabo na farko, ba sa sayar da gwanjo da sunan sabon ɗinki. Da yawa daga masu cewa su suka ƙera riga, sayowa suke yi a ThemeForest, kasuwar rigunan shafi ta intanet, su sauya launi da tambari. Wasu ko sayen ba sa yi, sai su sauke wadda aka fasa wa makulli. Irin wannan ta sata ita ce masifa. Akan cusa mata ɓoyayyen kod a cikin functions.php ko wani fayil da ba mai leƙawa, a lulluɓe shi da umarnin base64_decode da eval don kada a gane abin da ke ciki, ya buɗe wa baƙo asusun shugaban shafi, ko ya riƙa liƙa adireshin gidajen caca a ƙasan labarai. Ga shi ba ta karɓar sabuntawa, duk ɓarakar da aka gano a jikinta tana nan a buɗe. Bincikar asalin riga ba wuya: a buɗe kod ɗin shafin a burauza, a nemi wp-content/themes/, sunan da ya biyo baya shi ne foldar rigar. Layukan farko na style.css da ke cikinta za su faɗi sunanta da wanda ya yi ta. In akwai layin da ya fara da Template:, to 'yar riga ce aka ɗora a kan wata uwar riga. Mai wayo na iya goge waɗannan layukan, amma da wuya ya bi duk sunayen da ke cikin kod ɗin ya sauya, sai ka tarar da sunan asali ya leƙo a wani lungu.

Ɗinki iri biyu shagon yake yi, kuma tun a zaman farko za a gaya maka wanne kake biya. Mai sauƙin kuɗin 'yar riga ce a kan uwar riga irin GeneratePress ko Astra, duk gyaran da aka yi yana cikin 'yar, don haka sabunta uwar ba ya share komai. Mai tsadar kuwa daga tushe ake yanka ta, a kan tsarin tubali da WordPress 5.9 ya shigo da shi a Janairun 2022: folda ta templates mai ɗauke da fasalin kowane irin shafi, folda ta parts mai ɗauke da kai da gindin shafi, sai theme.json inda ake tsayar da launuka da girman haruffa. A nan suna yin wani abu mai hikima, suna kulle zaɓin launi a kan guda biyar ko shida kawai. Jaridar da ke da marubuta da yawa ta san amfanin haka, don in ba a kulle ba, wani zai rina kanun labarinsa ja, wani shuɗi, shafin ya koma kamar rumfar masu atamfa. Ga ɗan kasuwa mai shafuka biyar, 'yar riga ta wadatar, ƙarin kuɗin ɗinkin tushe asara ce.

Gwanintarsu ta fi fitowa a haruffa masu lanƙwasa. Duk mai karanta Hausa a waya ya saba ganin ƙ ko ɗ ta fito siririya a tsakiyar kalma mai kauri, ko ma akwati fanko ya maye gurbinta. Dalilin shi ne salon haruffan da aka zaɓa ba shi da ita, sai burauza ta aro daga wani salon daban. Akwai kuma tarkon da ba kowa ya sani ba. A tsarin Unicode ƙ tana lamba U+0199, a rukuni ɗaya da manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ, amma ƙananan ɓ da ɗ suna U+0253 da U+0257, can cikin rukunin alamomin masana furuci. Mai rage nauyin fayil ɗin haruffa zai iya yanke wannan rukunin bai sani ba, ƙ ta tsira, ɓ da ɗ su salwanta. Samarin nan Noto Sans ko Andika suke amfani da su, suna ajiye fayilolin woff2 a cikin rigar kanta, nauyi biyu kacal, na yau da kullum da mai kauri. Kafin su miƙa aiki sukan gwada jimla irin “Ɗan ƙaramin ɓera ya ɓuya ƙarƙashin ɗaki” a kanu, a cikin labari, a rubutu mai kauri da mai karkata, da kuma a manyan baƙaƙe. Duk mai karɓar shafi ya kamata ya yi wannan gwajin da kansa.

Sun kuma kama wasu ƙananan abubuwa biyu. WordPress yana lanƙwasa alamar da ke gaban 'yan da 'ya'ya ta koma ta buɗe zance, ta juya baya, sun sa ɗan kod da ke hana hakan. Sannan idan kanun labari na da ƙ, adireshinsa kan fito da %c6%99 a gurbinta in an kwafa an tura wa wani, ya yi tsawo ya yi muni. Sun sa matata a kan sanitize_title da ke mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b a adireshi kaɗai. Abin da suka bari shi ne akwatin bincike. Mafi yawan masu karatu ba sa buga lanƙwasa a waya, wanda ya rubuta “kasa” ba zai sami labarin da aka rubuta “ƙasa” ba, don rumbun bayanai ya ɗauki k da ƙ haruffa biyu ne. Maganin shi ne a riƙa ajiye kwafin rubutun marar lanƙwasa a wani fili, bincike ya duba duka biyun. Sakamakon zai ɗan gauraya, amma ya fi a ce wa mai karatu ba a sami komai ba alhali labarin na nan.

Shafukan makarantu sun sami kulawa ta daban. Akwai tubali na musamman don aya ko hadisi, mai tafiya daga dama zuwa hagu da salon Amiri, da wani na ajami da salon Alkalami na SIL, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano. Waɗannan fayilolin ba sa sauka sai a shafin da ke buƙatarsu. Kalmomin jikin rigar ma an fassara su ta fayil ɗin .po, “Ci gaba da karatu” ne a ƙasan kowane labari. Sunayen watanni kuwa a wasu shafukan da Turanci suke fitowa, a wasu an kauce wa matsalar da rubuta kwanan wata da lambobi zalla.

Nauyi shi ne ma'aunin da ya fi shafar mai karatu a Mani ko Jibiya ko Daura, mai riƙe da Itel ko Tecno yana sayen data ta kwana ɗaya. Hoton da wayar zamani ke ɗauka kan kai megabait 3 zuwa 5. Rigunansu na yanka kowane hoto zuwa girman gurbin da zai zauna ta hanyar add_image_size, kuma suna koya wa mai shafi ɗora WebP, nau'in fayil ɗin hoto marar nauyi, wanda WordPress ya fara karɓa daga fitowa ta 5.8 a 2021. Hotunan ƙasa ba sa sauka sai an gangaro kusa da su, na sama kuma an cire masa wannan jinkirin, don saurin fitowarsa Google ke aunawa, kuma daƙiƙa 2.5 ne iyakar da ya ɗauka a matsayin mai kyau. Karatun malamai ma an yi masa lissafi. Sa'a guda ta MP3 a kan kilobit 128 tana kusan megabait 58, a kan 48 kuma kusan 22, kuma muryar mutum ɗaya ba ta rasa komai da kunne zai damu da shi. Suna rubuta nauyin fayil kusa da maɓallin saukewa, ladabi ne da manyan shafuka da dama ba su da shi. Idan aka tura adireshin labari a WhatsApp, hoto da kanu suna fitowa daidai, sun bar wannan aikin ga manhajar ƙari irin Yoast ko Rank Math da hoto mai faɗin 1200 da tsayin 630.

Inda sukan yi sanyi shi ne gaban mai kuɗi. “Malam, a sa mini hotunan nan masu juyawa a sama,” in ji Alhaji, su yi bayani sau ɗaya, ya nace, su sa. Hotuna biyar manya da kod ɗin da ke juya su sun isa su rushe duk tattalin da aka yi a baya. Haka rubutu ruwan gwal a kan fari da 'yan shadda ke so: a cikin shago yana da kyau, a rana tsaka a Katsina ba ya karantuwa. Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafi zai karantu ga kowa, ta nemi bambancin haske na 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, ruwan gwal a kan fari bai kai nan ba.

Babban aibin aikinsu ba ya ganuwa sai an buɗe functions.php. Sashen “Karatuttuka” na makarantu, da sunayen malamai da littattafan da ake rarraba karatun da su, duk a cikin rigar aka yi musu rajista. Kamar tela ne ya ɗinke maka kuɗinka a cikin aljihu. Ranar da aka sauya riga, sashen zai ɓace daga allon gudanarwa gaba ɗaya, adireshinsa ya daina buɗewa. Karatun bai goge ba, yana nan a teburin wp_posts, amma mai makaranta ba zai san haka ba, zai ɗauka aikin shekaru ya tafi. Wurin irin wannan kod shi ne ƙaramar manhajar ƙari mai zaman kanta, fayil ɗaya ya isa, aikin da bai kai rabin sa'a ba. Kod ɗin ƙidayar baƙi da na talla ma can ya kamata su koma.

Suna kuma gyara kai tsaye a kan shafin da jama'a ke karantawa, babu shafin gwaji. Alama ɗaya tak da aka manta a fayil ɗin PHP ta isa ta kifar da shafin. Tun fitowa ta 5.2 WordPress na aika saƙon ceto zuwa imel ɗin shugaban shafi idan haka ta faru, to amma imel ɗin wa aka sa? Na shagon. Sunan shafin ma, ko na .com.ng da ke ƙarƙashin NiRA, hukumar rajistar sunayen .ng, ko na .com, da imel ɗinsu ake yi masa rajista, masaukin kuma, wato kwamfutar kamfanin da ake haya don ajiye shafin, a cikin asusunsu yake. Wannan bai yi kama da mugun nufi ba, sabo ne da neman sauƙi. Sai dai sunan shafi da masauki duk shekara ake biya, kuma saurayi na iya tafiya bautar ƙasa, ko layinsa ya daina shiga, wa'adi ya cika ba wanda ya ga saƙon tuni. Kwafin ajiya ma a masauki ɗaya da shafin suke barin sa, in masaukin ya tafi sun tafi tare, alhali manhajar ƙari ta UpdraftPlus na iya turawa Google Drive ɗin mai shafi kowane mako. Wasu tsofaffin ayyukansu har yanzu a kan PHP 7.4 suke, wanda aka daina toshe wa ɓaraka tun Nuwamban 2022.

Farashi ciniki ake yi, rabi kafin aiki, rabi bayan an gama, kuma ba takarda sai ka nema. A nema. A rubuta wane ɗinki ne, gyara sau nawa ke cikin kuɗin, wa zai biya sabunta suna da masauki, da wata nawa za su ci gaba da dubawa. Kafin cikon kuɗi ya fita, mai shafi ya karɓi sunan shafin a imel ɗinsa, da mabuɗin cPanel, wato allon gudanar da masauki, da asusun shugaba, da rigar a fayil ɗin zip, da kwafin rumbun bayanai. Sannan a gabansu, a kan kwafin gwaji, a cire rigar a saka Twenty Twenty-Four, ɗaya daga rigunan WordPress na kansa, na minti biyu a duba allon gudanarwa. Duk abin da ya ɓace ban da launi da fasali, su fitar da shi daga rigar su mayar manhajar ƙari tukuna.