Takalmin gudun fanfalaki: gwanjo, sabon kanti, ko kambas ɗin da ke gida?

Duk wanda ya fara shirin gudun fanfalaki na farko, ko kilomita 10 irin gasar Okpekpe ta jihar Edo ko rabin maraton mai kilomita 21, abin da zai fara cin kuɗinsa takalmi ne. To ga abin da ake samu a nan Zariya.

Kambas ɗin gayu dai a bar shi na zuwa lakca. Ƙasansa ba soso, kwalta kuma ba ta da tausayi, ka yi sati biyu kana bin titin Samaru zuwa Kwangila da shi wallahi ƙwaurinka da gwiwarka za su faɗa maka. Kar ma wani ya kawo min zancen Abebe Bikila na Habasha da ya ci maraton a Rum a 1960 ba takalmi, ƙafarsa daban tamu daban.

Sabon kanti kuma matsalarsa jabu. Za ka ga an rubuta Nike ko Adidas yana ƙyalli amma gam ya tsatso ta gefe, ɗinki a karkace, lambar da ke jikin harshen takalmin ba ta yi daidai da ta kwali ba. Na ainihi akwai, sai dai kuɗin ba na ɗalibi ba ne.

Ni a ganina gwanjo mai kyau ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, musamman in ka dace da Asics ko Brooks ko Nike Pegasus a kasuwar Sabon Gari ranar da aka fasa dila. Amma fa sai ka iya dubawa, don takalmin gudu sosonsa yana mutuwa bayan kamar kilomita 500 zuwa 800 ko da samansa na nan fes, kuma Baturen da ya yar da shi ai ya san abin da ya gani. Danna soson da babban yatsa, in bai taso ba ko gefensa duk ya yamutse, ajiye. Ɗora shi kan tebur ka leƙa ta baya, in ya karkata gefe guda dunduniyar ta cinye kenan. Ka murɗa shi kuma, in ya naɗe ba gardama to ya gama yawo.

Masu farantin kabon a cikin soso, irin wanda Eliud Kipchoge na Kenya ya sa a birnin Biyana na Ostiriya a 2019 da ya gama maraton ƙasa da awa biyu, ga tsada ga saurin lalacewa, sabon shiga bai buƙatarsu.

Ka je saye da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita, ka bar sarari kamar faɗin yatsa a gaba in ba haka ba farce zai yi baƙi. Safar ma kar ta zama ta auduga, tana riƙe gumi ta jawo bororo. Kuma ka saya tun da sauran wata biyu ko uku ka yi atisaye da shi, kar ranar gasar ta zama ranar da za ka fara sa shi.