Kamfanin gwajin ƙasar gidan mai a Kumasi: hannunsu na da kyau, amma a sa ido kan zurfi

Masu rijiya a Asawase da Aboabo sun san abin da ke biyo baya idan tankin gidan mai ya tsufa a ƙarƙashin ƙasa: warin fetur a ruwan alwala. Akwai wani ƙaramin kamfani a Kumasi da ke ɗibar ƙasa don gano irin wannan yoyo, kuma aikinsu ya isa a duba.

Ba sa haƙa barkatai. Ƙasar da ke gefen tanki suke hudawa, da ƙarƙashin famfo, da mahaɗar bututu, inda yoyo ya fi farawa. Mita ɗaya na farko da hannu suke haƙa shi, gudun fasa bututu ko wayar lantarki. Daga nan, duk mita 1.5, ko inda jar ƙasa ta koma toka-toka, sai su ɗiba.

A nan gwanintarsu take. Kashi ɗaya na ƙasar da suka ɗiba su zuba a leda, su ɗaure, bayan minti 10 zuwa 15 su soka bakin na'urar PID, mai shaƙar tururin mai, su auna tururin da ya taru a ledar. Wanda za a kai ɗakin gwaji kuwa ba daga ledar yake fitowa ba: giram 5 na ƙasar da ba a taɓa ba, kai tsaye cikin kwalba mai mililita 40 da sinadarin metanol, a murɗe nan take. Benzin, wani sinadari mai guba da ke cikin fetur, tashi yake kamar turare. In aka tsaya gauraya ƙasa a faranti cikin rana, takardar sakamako za ta ce lafiya lau, alhali rijiyar maƙwabta na cikin haɗari. Kwalaben na shiga kula mai ƙanƙara a sanyin digiri 4 na ma'aunin Celsius, a gwada kafin kwana 14. Bayan kowane rami sai sun wanke ƙarfen haƙa.

Matsalarsu biyu. Sun cika yarda da PID, alhali ba ta jin dizal sosai, kuma laimar damina na rikita ta. Babbar kuwa, farashinsu na farko yana tsayawa a mita 3, wanda sau da yawa bai wuce gindin tanki ba. Mai kuwa gangarawa yake har ya kwanta a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma can ne samfurin da ya fi muhimmanci.

Kafin ka biya, sa su rubuta cewa za su kai ga ruwa, su ɗauki samfuri ɗaya nesa da tanki don kwatantawa, su kuma haɗa taswirar ramukan cikin rahoton da za a miƙa wa hukumar kare muhalli ta Ghana, EPA.