Kwas ɗin shirin LSAT da na biya: bitarsu ta yi kyau, sauran kuwa takaici

Wannan kwas ɗin intanet na shirin LSAT (jarrabawar neman shiga makarantar koyon aikin lauya) da ake ta tallatawa a zauren ɗalibanmu na nan Amurka, na shiga tsarinsu na biyan wata-wata, kuma zan faɗi abin da na gani tsakani da Allah.

Da buɗe darussan raina ya ɓaci. Tulin bidiyoyin a kan Logic Games suke, wato sashen wasa ƙwaƙwalwa da ake jera mutane ko abubuwa bisa wasu ƙa'idoji. Haba jama'a! Hukumar LSAC da ke shirya jarrabawar ta cire wannan sashe tun watan Agustan 2024. Abin da ake yi yanzu shi ne sashe biyu na Logical Reasoning (auna hujja), ɗaya na Reading Comprehension (fahimtar karatu), sai na huɗu na gwaji wanda ba ya shiga maki, kowanne minti 35. To me zan yi da malami yana zana tebur yana jera mutane a kan kujeru? Na rubuta musu, suka ce wai yana kaifafa tunani. Ni da nake wuni a wajen aiki, karatu sai bayan isha'i, ina na ga lokacin darasin da ba zai fito ba?

Sai dai gaskiya ɗaya ce, tsarin bitarsu ya ba ni mamaki. In ka gama sashe a kan lokaci, ba sa nuna maka amsoshi. Sai sun mayar da kai kan duk tambayar da ka yi kokwanto, babu agogo, ka sake zaɓa, ka rubuta dalilinka da kanka, sannan su jera maka makin farko da na biyu. In tazarar ta yi yawa, matsalarka lokaci ce. In duka biyun sun yi ƙasa, ba ka fahimci nau'in tambayar ba. Ni a nan na gano inda nake zubar da maki: tambayoyin da ke neman zaton da hujja ba ta tsayuwa sai da shi. Malamar da ke wannan ɓangare, Allah ya saka mata da alheri, ta nuna mana a ɗauki kowane zaɓi a juya shi zuwa kishiyarsa, wanda juyawarsa ta rushe hujjar shi ne amsa. Wallahi wannan dabara kaɗai ta ɗaga ni daga farkon 150 zuwa dab da 160 a gwaje-gwajena, a jarrabawar da makinta ke tsakanin 120 da 180. A lokacin har na fara yi musu talla.

Amma ina rubutun nan abin yana dawo mini. Cikakkun jarrabawar gwajin da suka yi alkawari, ashe su suka tsara abinsu, kuma kana karantawa za ka ji ba salon LSAC ba ne. Na ainihin suna LawHub, shafin intanet na LSAC, kuma yawancinsu sai ka sake biyan kuɗin shekara daban, abin da tallarsu ba ta taɓa ambata ba. Da na nemi a rufe mini asusu kuma, sai da suka sake cire kuɗin wata guda, har yau ina bin su.

Da niyyar tauraro uku na zauna, amma biyu zan ba su, su ma albarkacin malamar nan. Bitar kuwa kowa zai iya yin ta da littafin rubutu da tsofaffin tambayoyin LawHub.