Wasiƙa daga Columbus: wutar tayar da ta ƙi mutuwa a motar Yaya

Assalamu alaikum Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya iyali, ya aikin kaka? Ina fatan gyaɗa da riɗi sun yi albarka bana. Mu nan Columbus ta jihar Ohio lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama.

Na ga hoton dashbod ɗin Camry da ka turo. Ka ce tun ranar da aka sa mata sababbin tayoyi a Ringim 'yar wutar nan ruwan ɗorawa mai gargaɗin iskar taya ta kama, mai faci ya ƙara iska bai ga canji ba, har wani ya ce ka liƙa mata baƙin salatif ka huta. Don Allah kada ka liƙa. Na san abin da ke damunta, domin a nan kusan duk mai mota ya taɓa cin karo da ita.

Motarka 'yar Amurka ce, ƙirar 2009. A cikin kowace taya, a gindin bawul ta cikin rim, akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana ba. Sensa ake ce mata. Tana da batirinta a rufe a ciki, tana auna iska tana aika wa kwamfutar mota saƙo ta rediyo. Idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin 100 na abin da kamfani ya ƙayyade, sai wutar ta kama. To ka lura da safe idan ka murɗa makulli. In ta kama ta tsaya cak, iska ce ta yi ƙasa a wata taya. In kuwa ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya kafin ta tsaya, mota ce ke cewa ta daina jin ɗaya daga cikin sensocin, kuma ko iskar duniya aka ɗura ba za ta mutu ba.

Ina kyautata zaton taka ta biyun ce. Ka san yadda ake cire taya a wajenmu: a kwantar da ita a ƙasa, a dake gefenta da ƙarfe har ta saki rim, sannan a zura ƙarafa biyu a ɓanɓare. In ƙarfen ya faɗa daidai bawul, sensar ta tsage, domin jikinta roba ce mai tauri. Wani mai facin ma in ya ga bawul ɗin ya tsufa sai ya cire shi gaba ɗaya ya sa na roba sabo, ya jefar da tsohon tare da abin da ke maƙale a gindinsa. Ba na ganin laifinsa, babu wanda ya taɓa nuna masa. Akwai kuma batun shekaru: batirin yakan yi shekara 5 zuwa 10, ba a canza shi, sai dai a canza sensar ɗungurungum. Motar 2009 in har da na asali take yawo, sun riga sun ci lokacinsu.

Kada ka ɗauka nan ba a fasawa. Da na kai tawa wani shagon taya a bara, da inji suka cire, amma ina fita titi wutar ta fara ƙiftawa. Na koma, mai shagon ya ce batiri ne ya mutu. Na ce a buɗe mu gani. Aka buɗe, ga sensa a tsage gida biyu, sabon tsagu fari fat. Bai yi musu ba, ya sa sabuwa a aljihunsa, ya ɗauko 'yar kwamfutar hannu ya zagaya tayoyin huɗu yana karanta lambar kowace sensa, sannan ya jona ta ƙarƙashin sitiyari ya shigar wa mota sabuwar lambar. Da ni zan biya, dala 70 ya ce kuɗinta da aiki. Abin da ya burge ni shi ne doka tana bayan mai mota: an hana masu gyara su kashe wata na'urar kariya da mota ta zo da ita tana aiki. Rasit ɗinka kuma shi ne shaidarka.

Dokar sensar nan da jini aka rubuta ta. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, bayan da tayoyin suka riƙa ɓarewa a guje, yawanci a motocin Ford Explorer, motoci suna kifewa mutane da dama suka rasu. A shekarar ce majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ake kira TREAD, daga Satumban 2007 kuma ya zama dole kowace sabuwar ƙaramar mota ta zo da wannan wuta. Turai ta bi sahu a 2014. Duk lokacin da na tuna wannan sai hanyar Gujungu zuwa Haɗeja ta faɗo mini a rai, a watan Afrilu, kwalta tana turiri, mota ɗauke da mutum goma da buhuna a but. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, tana ɗaukar zafi, har ta fashe. Mu ne muka fi su buƙatar wutar nan, Yaya.

Amma fa ba komai ne suka fi mu ba. A nan in ƙusa ta soke ka ranar Lahadi da yamma, sai ka sa safaya ka jira gari ya waye, wani shagon ma sai ka kira an ba ka lokaci. A gidajen mai da yawa iska ma sai ka biya inji, kai za ka durƙusa cikin ƙanƙara ka ɗura da kanka. Ina kewar mai facinmu na bakin tasha, da injinsa mai tari da bahon ruwansa, wanda zai bar abincinsa ya taso, ya tsoma taya ya nuna maka inda take kumfa, in ba ka da kuɗi ya ce ka kawo ranar kasuwa. Wannan babu shi a nan ko da kuɗinka. Inda na ba su gaskiya shi ne ƙin yin faci a gefen taya. Tsakiya kawai suke yi, shi ma in ramin bai wuce milimita 6 ba. Da farko abin yana da ciwo, a ce ka sayi sabuwa alhali tsohuwar da sauranta, amma gefen taya shi ke lanƙwasa, faci ba ya zama a wurin.

Ga abin da nake so ka yi. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda da aka liƙa, an rubuta iskar da tayoyin gaba da na baya suke so. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35 a ma'aunin iska na PSI. Lambar da ke jikin taya kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, don haka in an ce a sa maka 50 kada ka yarda, tsakiyar tayar za ta cinye da wuri, birki kuma ba zai kama sosai ba. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya. Da hunturu iska takan ɗan ragu da kanta saboda sanyi, ka ƙara dubawa a lokacin.

Sai ka koma wajen mai facin cikin mutunci ka tambaye shi ko tsofaffin bawul ɗin suna nan. In ka shiga Kano ka sa a ɗora wa motar kwamfuta, ita za ta faɗi sensar da ta yi shiru. In za ka saya a Ƙofar Ruwa ka ce ta motar Amurka kake so, mai lamba 315 a jiki. Ta Turai 433 ce, motarka ba za ta ji ta ba. Kuma kada ka biya kuɗin aiki sai an shigar da lambarta a kwamfutar mota. Maɓallin sake saita wutar da ke cikin motar ba ya wannan aikin. Nan gaba in za a cire taya ka tsaya a kai, ka ce a fara dukan nesa da bawul.

Akwai ɗan garinmu da zai zo gida watan gobe. Zan ba shi gejin auna iska guda biyu, ɗaya naka, ɗaya ka ba mai facin. Ka turo mini hoton takardar ƙofar da lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan DOT a gefen tayoyin, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera su. Ina so in tabbata sababbin aka sayar maka.

Wassalam,
ƙaninka.