Wuƙa, ƴar reza da almakashi: abin da na gani bayan shekara uku ina nutso a Bahar Maliya

Ranar da na karɓi takardar shaidar nutso ta matakin farko, wadda ke ba mutum damar sauka mita 18, ban koma masauki ba sai da na biya wani shago a Jidda na sayi wuƙa. Zungureriya ce, mai tsini, da kubenta na roba da maɗauri biyu. Na ɗaura ta a ƙwauri na shiga kwalekwale ina taku kamar ɗan tauri ranar Sallah. Malamin da ya koyar da mu ya kalli ƙafata ya yi murmushi, bai ce komai ba. Sai bayan wata biyar na gane murmushin.

Mun sauka ne a wajen Abhur, arewa da gari, inda masu fatsa ke yawan jefa ƙugiya. Duk zaren da ya maƙale musu a murjani yanke shi suke yi su bar shi a nan. Zaren roba ne, garai-garai, a cikin ruwa ido ba ya kama shi. Ina tafiya sai na ji kamar an riƙe ni ta ƙeya: zare ya naɗe a kan tukunyar iska, daidai inda mutum ba ya gani. Na sunkuya zan zaro wuƙa, sunkuyon ya ƙara ɗame zaren. Da ƙyar na kai hannu, na zaro, sai kuma na tsaya. Wa zai kai tsinin ƙarfe bayan wuyansa, inda tiyon numfashinsa yake, yana lalube? A zurfin mita 18 iska na ƙarewa kusan ninki uku na yadda take ƙarewa a sama, ga zuciya na dukan uku-uku. Abokin nutsona ya iso, ya ciro wani ɗan abu daga ƙirjinsa da bai fi rabin tafin hannu ba, ya ja sau ɗaya, shi ke nan.

Abin da ya ciro shi ne Eezycut Trilobite, kuma washegari na sayi nawa. Reza ce a ɓoye cikin roba, da baki biyu kamar ƙugiya, da ramin sa yatsa. Za ka rataya zaren a bakin ka ja. Kaifin na can ciki, don haka ko a makance ka laluba ba zai taɓa tiyo ko yatsa ba. Na gwada shi a gida kan zaren fatsa, da igiyar shanya, da tsohuwar ɗamarar jaka irin mai faɗin nan, duk ya wuce kamar ana yanka tuwo. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya neman hannu biyu. Wuƙa kuwa sai ka ɗame zaren da hannu ɗaya kafin ta ci, in zaren ya yi sako-sako sai dai ya riƙa zillewa a kan kaifin. Ana canza rezar idan ta dakushe, gidanta kuma na shiga ɗamarar rigar iska, wato rigar da mai nutso ke hura wa iska don ya daidaita a ruwa, ko maɗaurin kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a hannu kamar agogo. Iyakarsa ɗaya, kuma haka duk ire-irensa suke: abin da ya fi bakin kauri ba zai shiga ba, wayar ƙarfe kuma ba aikinsa ba ce.

Nan almakashi ya shigo. Irin na ma'aikatan motar asibiti nake nufi, mai lanƙwasa da baki mara tsini, wanda ake yanke tufafin mai rauni da shi. Masu kamun kifi mai haƙora kan ɗaura ƴar siririyar waya kusa da ƙugiya don kada kifin ya datse zaren, kuma a cikin kayana almakashin ne kaɗai ke cin ta. Tsumman raga ma ya fi jin almakashi, don ba sai ka ja ta ba, ana datsawa ne ido bayan ido. Kuɗinsa bai kai na cin abinci sau biyu ba. Sai dai araha ba ta ado. Ƙusar da ta haɗa bakunan biyu ita ke fara tsatsa, nawa na farko wata huɗu ya yi ya ƙage, ya ƙi buɗuwa. Yanzu na ɗauke shi kamar buroshin haƙori, in ya tsufa a sake.

Batun tsatsa kuwa, kada rubutun jikin kwali cewa ƙarfen ba ya tsatsa ya ruɗe ka. Gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekuna 35 ne. Wuƙata ta farko ƙarfe mai lamba 420 ce, mai riƙe kaifi amma mai saurin ɗaukar tsatsa; na manta ta a kube kwana uku, na tarar da ita ta yi ja-ja-ja. Mai lamba 304 ta fi jure gishiri, kaifinta ne ba ya daɗewa. Ƙarfen titaniyom ba ruwansa da tsatsa, ga shi sakayau, amma da tsada, wasa shi kuma sai mai haƙuri. Ƴar ƙaramar wuƙar titaniyom na koma, mai yankakken baki da haƙoran zarto a gefe ɗaya, don igiya mai kauri irin ta anga. A shekara biyu sau ɗaya na zaro ta da gaske. Sauran amfaninta, ƙwanƙwasa tukunya in kira hankalin abokin tafiya.

Da za a tambaye ni, wurin ratayewa ya fi irin ƙarfen muhimmanci. Komai ya zauna tsakanin haɓa da cibiya, inda dama da hagu duk za su kai, don ba ka san hannun da zai ɗaure ba. Trilobite na kafaɗar hagu, wuƙa a ɗamara ta gaba, almakashi a aljihun riga. Biyu ne mafi ƙaranci, saboda abin da ya suɓuce maka a bakin gangaren murjani ya tafi ke nan. Kuma na kan rufe ido a cikin kwalekwale in taɓa kowanne kafin in faɗa ruwa. Bayan fitowa in zare su daga gidajensu, in ɗauraye da ruwan famfo, su bushe, in shafa ɗan man silikon. Mai zuwa ta jirgin sama ya tuna duk ukun a jakar awo suke tafiya, ba ta hannu ba.

Zungureriyar nan tana nan, na kankare tsatsar da yashi. Uwargida ce ta gaje ta, da ita take fasa kwakwa.