Gargaɗi kan mai sayar da zanen ficewar sojojin Ingila daga Kabul

Jama'a, a yi hattara da wani mai shafi a Facebook da ke tallar tsofaffin zane-zane, yana rantsuwa cewa bugun asali ne na 1842, shekarar da sojojin Ingila suka fice daga Kabul. Tun da Amurka ta kwashe sojojinta daga Afghanistan a watan Agustan 2021 masu son tarihi ke neman irin waɗannan hotuna, shi kuma ya samu kasuwa.

Ni malamin tarihi ne, so na yi in rataya ɗaya a ajina. Ranar 6 ga Janairun 1842, bayan tawaye ya ɓarke a birnin, sojoji wajen 4,500 da masu yi musu hidima kusan 12,000 suka bar Kabul ƙarƙashin Janar Elphinstone. Sanyi da harsasai suka cinye su a mashigun duwatsu. Ranar 13 ga wata likita William Brydon ya isa Jalalabad a kan dokin da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Hoton wannan likitan mutumin ya turo min, na tura masa rabin kuɗi kafin alƙalami.

Da kaya suka iso na koma littattafaina, jikina ya yi sanyi. Elizabeth Butler ce ta zana hoton a 1879, shekara 37 bayan abin ya faru. A 1842 ko haihuwarta ba a yi ba, sai 1846! Na biyun da yake talla, na artabun Gandamak, wurin da ragowar sojojin suka yi faɗansu na ƙarshe, William Barnes Wollen ya zana shi a 1898.

Na ɗora gilashin ƙara girma a kan takardar, sai ga ɗige-ɗigen tawadar firinta masu launi. Launin ruwan ƙasan da ke gefenta kuwa shayi ne aka jiƙa ta da shi, har warin bai gama fita ba. Abin da ya fi ƙona min rai, saura kaɗan in koya wa yara ƙarya da hannuna.

Na nemi kuɗina, ya toshe lambata, ya sauya sunan shafin, amma hotunan na nan yadda suke. Duk wanda ya ci karo da shi, ya tambaye shi sunan mai zanen da shekarar da aka zana, ya bincika da kansa. Kada ku tura ko sisi sai kaya sun zo hannunku, kuma ku kai ƙarar shafin.