Gargaɗi ga masu neman gidan haya a Kubwa

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk mai neman gida a Kubwa ya tsaya ya karanta wannan, ya kuma tura wa na kusa da shi.

Akwai wani mutum da ke saka hotunan gida a Facebook da WhatsApp, ɗaki uku da falo a wajen Byazhin, da katanga da rijiyar burtsatse. Gidan yana nan, ni da ƙafata na shiga. Daga aljihunsa ya zaro makulli ya buɗe. Ya murɗa famfon kicin ruwa ya zubo, ya nuna mini mitar wuta mai kati, ga ƙanshin sabon fenti ko'ina. Da muka fito ya ce, "Alhaji, ga masallaci ga Islamiyya. Babban asibiti ba nisa, tashar jirgin ƙasa tana nan idan za ka Kaduna, kasuwar Dei-Dei kuwa a bakin hanya take." Wallahi duk ba ƙarya a ciki, kuma da wannan ya ci ni.

Ya ce mai gidan yana Ingila, shi ne wakilinsa, kuma akwai wani da zai kawo kuɗi da la'asar. Na tura naira miliyan 2 da dubu 500 na shekara, da kashi 10 na dillali, da wani kashi 10 wai na lauya, duk a asusu mai sunan mutum. Ya ba ni rasit har da hatimi.

Ranar tarewa na iso da motar kaya, sai na tarar da wata baiwar Allah zaune kan katifa a bakin get, da goyo a bayanta da yara biyu. An canza kwaɗo. Ta buɗe jaka ta miƙo mini rasit irin nawa sak, lambar ma ɗaya. Kuɗin sallamar mijinta ne, Allah ya jiƙansa. Na kasa ce mata komai.

Mai gidan na ainihi dattijo ne ɗan fansho a Gwarinpa, bai taɓa ganin mutumin ba. Dattijon ya bai wa mai fenti makulli, daga can aka yanko wani. Mai shagon da ke kallon gidan ya san dattijon shekara da shekaru. Ya ce mini, "Alhaji, ai da ka leƙo ka tambaye ni." Har ruwa na saya a shagonsa ranar, ban tambaya ba.

Kada ku ba kowa ko kwabo sai kun ga mai gida ido da ido, kun tambayi maƙwabta da limamin unguwa. Macucin yana tallan filaye kuma, da takardar sarkin ƙauye. Tun dokar 1976 da ta kafa Abuja ƙasar birnin tarayya a hannun gwamnatin tarayya take, minista ne ke ba da fili. A je ofishin AGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja, a duba lambar fayil ɗin filin kafin a biya, don ginin da aka yi kan takardar bogi rushewa ake yi.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, wayar macucin a kashe take, kuma yana canza suna da lamba. Duk wanda ya biya shi ya zo da rasit ɗinsa mu haɗa. Iyalina suna Dutse Alhaji wurin yayana, kayanmu na jibge a garejinsa.